Littafin aikin tashar auna laima da ruwan sama: daga hunturu zuwa marka

11 ga Janairu

An gama kafa akwatin ma'aunai a tsakiyar fili, gefen gonar gwaji da ke kudu da birnin Kano. Abin da ake so shi ne a bi diddigin ruwa tun yana tururin da ido ba ya gani, har ya zama girgije, har ya sauko a auna shi a mazurari.

Akwatin na katako ne, an shafe shi da farin fenti. Bangonsa ƙananan allunan katako ne a jere a karkace, iska tana ratsawa, rana ba ta shiga. Ƙafafunsa sun ɗaga ma'aunan mita 1.5 daga ƙasa. Ƙofarsa tana duban arewa don kada rana ta bugi ma'aunan idan an buɗe. Sai dai Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da tsakar rana. An sa kafinta ya ƙara ƙofa ta biyu ta kudu saboda waɗannan watanni.

A ciki akwai ma'aunin zafi biyu iri ɗaya. Ɗaya busasshe. Ɗaya kuma an sa wa kansa lagwanin auduga, jelar lagwanin tana cikin ƙaramar kwalbar ruwa. Ruwan lagwanin yana tashi tururi, yana jan zafi daga kan ma'aunin, sai jiƙaƙƙen ya nuna ƙasa da busasshen. Iyakar bushewar iska, iyakar ratar da ke tsakaninsu. Kafin a karanta, ana kunna ƙaramar fanka mai batir ta hura lagwanin minti uku.

Karatun ƙarfe 2 na rana: busasshe digiri 29 na Salsiyos, jiƙaƙƙe 14. Lissafin shi ne a ɗauki matsin tururi na cikakkiyar iska (wadda ta cika da laima ba ta iya ɗaukar ƙari) a digiri 14, wato milibar 16 (milibar awon matsi ne), a debe 0.64 sau ratar digiri 15. Ya rage wajen milibar 6.5. Wannan yana nufin kason laima kashi 16 cikin 100, wato kashi 16 na tururin da zai cika iskar, kuma sai an sanyaya iskar nan har kusan digiri 1 kafin tururinta ya fara komawa ruwa. Wannan zafin da tururi ke fara komawa ruwa shi za a riƙa kira matakin raɓa a littafin nan. Shi ne lambar da za a fi sa wa ido duk shekara.

19 ga Janairu

An gwada matakin raɓa ta wata hanyar don a tabbatar da lissafin lagwani. An wanke gwangwanin madara, an goge shi har yana sheƙi, an zuba ruwa rabi, an tsoma ma'auni, ana jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan ana motsawa. Da zarar bayan gwangwanin ya dusashe, sai a karanta. Mai gwajin ya kau da fuskarsa, domin numfashi cike yake da laima, yana iya sa gwangwanin ya yi gumi tun lokaci bai yi ba.

Da damina wannan gwaji ba ya cin minti biyar. A hunturu kuwa ruwan ya sauka har digiri 2 gwangwanin na nan a bushe. Ruwa da ƙanƙara kaɗai ba sa wuce sifili, sai da aka zuba gishiri cokali huɗu. A wajen digiri 3 ƙasa da sifili wani farin gari-gari ya fito a jikin ƙarfen, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Tururi ne ya tsallake matakin ruwa ya daskare kai tsaye. Haka yake faruwa a can ƙololuwar hadari, za a komo kansa idan damina ta kama.

Wannan ne ya sa ciyawa ba ta raɓa a watan nan duk da sanyin asuba. Ma'auni ya sauka digiri 12 da asuba, matakin raɓa yana wajen sifili, akwai sauran tafiya mai nisa. Hazon da ya rufe gari kuwa ba shi da alaƙa da ruwa. Ƙura ce lukui, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Hausa tana kiran wannan hazo, tana kiran na fadama da safiyar damina hazo, alhali ɗaya ƙasa ce, ɗaya ruwa. A littafin nan za a riƙa rubuta hazon ƙura da hazon ruwa.

2 ga Fabrairu

Matakin raɓa ya yi ta hawa kwana biyar a jere ba tare da iska ta sauya ba. Da aka duba, lagwanin ne ya yi ɓawo. Ƙura ta like masa, ga gishirin ruwan burtsatse da ya bushe a jikinsa, ruwa ba ya hawa sosai. Lagwani mai datti ba ya sanyaya ma'auni yadda ya kamata, sai ya nuna laimar da babu.

Kuskuren ba ƙarami ba ne. A irin wannan bushewa, idan jiƙaƙƙen ya ƙara digiri 1 kacal, matakin raɓa yana tsallakawa daga 1 zuwa 4. An soke karatun kwana biyar ɗin. Daga yau tataccen ruwa kaɗai za a zuba a kwalbar, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba. Za a sauya lagwani duk Asabar, kuma sabon lagwani sai an tafasa shi sitacin jikinsa ya fita.

16 ga Fabrairu

Farantin auna tashin ruwa ya iso daga wurin mai walda. An bi awon da ake amfani da shi a tashoshin yanayi: faɗi santimita 120.7, zurfi 25, na ƙarfe mai rufin tutiya. An ɗora shi a kan katako santimita 15 daga ƙasa don iska ta bi ta ƙarƙashi. An cika shi ya rage santimita 5 ya kai baki, an kafa ƙusa mai tsini a tsaye a cikin wani gajeren bututu, tsinin daidai da fuskar ruwan. Kowace safiya ƙarfe 7 ana ƙara ruwa da ma'auni har tsinin ya nutse. Faɗin fuskar farantin murabba'in mita 1.14 ne, saboda haka kowace lita 1.14 da aka ƙara daidai take da milimita 1 da ya tashi.

Jiya lita 10.3 aka ƙara, wato milimita 9 a yini da dare ɗaya.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafin zafi, don shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Kilo 1 na ruwa yana cin wajen kilojul 2,450 (kilojul awon ƙarfin zafi ne) kafin ya zama tururi. Ɗaga shi daga sifili zuwa tafasa kilojul 418 ne kawai. Ke nan tashin tururi ya kusa ninka wancan sau shida. Lita 10 da suka bar farantin nan sun tafi da ƙarfin da ya kai yunit 7 na lantarki. Zafin bai ɓace ba, yana ɓoye a cikin tururin, kuma duk ranar da tururin ya koma ruwa sai ya sake shi cif-cif. Randa da tulu da wannan suke sanyaya ruwa: nason da ke bayansu yana bushewa yana jan zafi daga ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a rani, da marka kuwa sai ya yi lami.

Awaki sun sha ruwan farantin sau biyu a makon nan. Rufe shi da raga yana tare iska da rana, yana rage tashin ruwan, sai aka zaɓi kewaye filin da waya. Tsuntsaye dai sai haƙuri. Kuma a tuna, faranti ya fi tafki ko gona saurin zafi, abin da ya nuna akan ninka shi da wajen 0.7 kafin a kwatanta shi da babban ruwa.

9 ga Maris

Gwajin girgije a gora. Gorar roba mai lita 2, fara tas, an cire takardar jikinta. An zuba ruwan ɗumi kamar rabin kofi, an rufe, an girgiza. An matse da hannu biyu an saki. Ba a ga komai ba. An buɗe, an kunna ashana an kashe, an bar hayaƙin ya shiga, an rufe, an matse an saki. Nan take cikin gorar ya yi fari. Aka sake matsewa, ya washe. Aka saki, ya dawo.

Abu biyu gwajin ya nuna. Na farko, iska tana sanyi idan matsi ya ragu a kanta ta buɗe. A sararin sama hawa ne ke kawo haka: iskar da ba ta cika da laima ba tana rasa digiri 9.8 a kowace kilomita da ta hau, ba don ta taɓa wani abu mai sanyi ba, don kawai ta buɗe. Na biyu, tururi yana buƙatar abin da zai kama ya taru a kai, ƙwayar hayaƙi ko ta gishirin teku ko ta ƙura. A iskar da aka tace tas, laima tana iya ninka matakin cika sau da yawa ba a sami ɗigo ba. A sararin Kano wannan ba matsala ba ce, ƙwayoyin sun yi yawa ma. Ruwan ne babu.

Daga nan ake samun tsayin gindin girgije. Iskar da ke hawa tana rasa kusan digiri 10 a kilomita, matakin raɓarta kuma yana sauka kusan digiri 2. Suna haɗuwa bayan mita 125 ga kowane digiri na ratar da ke tsakaninsu a ƙasa. A karatun Janairu ratar 28 ce, wato mita 3,500.

Idan gwajin ya ƙi, galibi ruwan ne ya yi zafi da yawa ya dusashe bangon gorar, ko murfin yana shan iska.

21 ga Afrilu

Da asubar ranar 17 tutar iska ta juya, ta fara nuna kudu maso yamma. Matakin raɓa ya tashi daga 6 zuwa 16 cikin dare ɗaya. Kowa ya ji a jikinsa: zufa ta daina bushewa, dare ya yi nauyi. Iskar teku ce daga mashigin Gini ta kutso ta ƙarƙashin busasshiyar iskar Sahara. Masu hasashen yanayi suna zana iyakar iskokin nan biyu a taswira, kuma matakin raɓa na wajen digiri 15 yana cikin alamun da suke bi. Iyakar tana hawa arewa a hankali, tana kai wajen digiri 20 arewa da tsakiyar duniya a Agusta, sannan ta juyo.

Wucewar iyakar ba ita ce zuwan ruwa ba. A bakinta iskar tekun siririya ce, kamar bakin gatari, busasshiyar iska mai zafi tana danne ta daga sama. Ruwa na sosai yana can baya, ɗaruruwan kilomita kudu, inda laimar ta yi kauri. A kwana huɗun nan ma iyakar kai-kawo take yi: da safe laima, da la'asar rana ta gauraya iskar ƙasa da ta sama, matakin raɓa ya faɗi zuwa 10 ko 11. Saboda haka karatun rana za a riƙa sa wa a lissafin gindin girgije, ba na safe ba.

Kason laima ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Iska mai matakin raɓa 16 tana nuna kashi 51 a digiri 27, tana nuna kashi 26 a digiri 39, alhali ruwan da ke cikinta bai ragu ko ɗigo ba. Iska mai digiri 20 tana cika da giram 17 na tururi a kowace mita kubik (tsawo, faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya), mai digiri 30 sai giram 30, mai digiri 40 sai giram 51. Mazubin ne ke girma.

Jiya da yamma hadari ya haɗu ta gabas, gindinsa a sama can, lissafi ya ba da kusan mita 3,000. An ga zaren ruwa yana saukowa daga gindin, toka-toka, yana karkacewa, yana ƙarewa a sarari bai taɓa ƙasa ba. Ɗigon ya bushe a hanya. Bushewar tasa ta sanyaya iskar wurin, ta yi nauyi, ta faɗo, ta bazu a ƙasa ta taso da jar ƙura. Minti ashirin ana rufe tagogi. Ruwa kuwa ko ɗigo bai sauka ba.

12 ga Mayu

An kafa ma'aunin ruwan sama kwanakin baya. Bakin mazurarin milimita 127 ne, faɗin fuskarsa murabba'in santimita 126.7, saboda haka milimita 1 na ruwan sama daidai yake da mililita 12.7 a kwalba. An auna bakin ta wuri huɗu, domin idan ya lotse ko ya buɗe da milimita 2, awon ya kauce da kashi 3 cikin 100 har abada. Wanda zai haɗa nasa da mazurari mai faɗin santimita 20, ya raba mililitar da ya samu da 31.4.

Bakin yana santimita 30 daga ƙasa, an daidaita shi da ma'aunin magina. Ƙasa da haka, fantsamar ƙasa tana shiga. Sama da haka sosai, iska tana kaɗe ɗigo ta wuce da shi. An binne rabin gwangwanin waje don kada iska ta tuntsurar da shi, kwalbar ciki kuma mai ƙaramin wuya ce don rana kada ta shanye ruwan kafin safiya. Darbejiyar da ke gefen fili ta kai mita 8, an ja baya mita 32, wato ninki huɗu na tsayinta. Ana karantawa ƙarfe 7 na safe, a rubuta a ranar jiya.

Daren 9 ga wata an samu mililita 76, wato milimita 6. An tona ƙasa da safe, laima ba ta kai tsawon yatsa ba. Wannan ba ruwan shuka ba ne. Ƙa'idar da za a bi ita ce wadda masani Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar ya fitar a 1988: bayan 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a cikin kwana 30 da ke biye. Aibin ƙa'idar shi ne ba a sanin ta cika sai wata guda ya wuce. Ta fi amfani ga mai rubuta tarihin damina fiye da mai iri a hannu.

18 ga Yuni

Hadarin jiya shi ne na farko da aka bi daga farko har ƙarshe da agogo.

Ƙarfe 3 na rana busasshe 34, matakin raɓa 21, iska kwance daga kudu maso yamma. Ƙarfe 4:40 gabas ta yi baƙi ƙirin daga kudu har arewa, da wani dogon girgije a gaba kamar an naɗe tabarma. Iska ta ɗauke ɗif, ganye ba ya motsi. Ƙarfe 5:05 ta kwance daga gabas da ƙarfi, da ƙura da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Cikin minti goma sha biyar ma'auni ya faɗo zuwa 24. Ƙarfe 5:15 manyan ɗigo jefi-jefi, suna buga kwanon ɗaki kamar tsakuwa, sannan ya kece kamar da bakin ƙwarya har 5:50. Daga nan ya koma siriri, ba iska, cida na ta yi a nesa, har wajen ƙarfe 9 na dare. Jimla milimita 31. An leƙa kwalbar ƙarfe 6, an tarar milimita 23 sun riga sun sauka.

Laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa, kuma babu saɓani a ciki. A sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, iska mai ƙarfi daga gabas take busawa, ita ke tura layin hadarin yamma. Sanyayyar iskar da ke faɗowa daga cikinsa tana shiga ƙarƙashin iskar laima da ke gabansa tana cilla ta sama, sai sabon hadari ya haihu a gaban tsohon. Haka layi ɗaya ke ratsa ɗaruruwan kilomita a dare guda.

Da iskar ta kai matakin raɓa, a nan wajen mita 1,600, tururi ya fara komawa ɗigo, zafin nan da aka lissafa a Fabrairu ya fara fita. Daga nan ba ta ƙara rasa digiri 10 a kilomita, sai 4 zuwa 6, ta fi iskar da ke kewaye da ita ɗumi, ta ci gaba da hawa da kanta. Milimita 31 a kan hekta ɗaya lita 310,000 ne, zafin da suka saki a sama ya haura yunit 200,000 na lantarki. Da wannan man hadari ke kai kansa kilomita 15 ko fiye.

A wajen kilomita 5 zafi yana kai sifili, amma ɗigon girgije ba ya daskarewa nan take. Yana iya zama ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifili idan bai sami abin da zai daskare a kai ba. Inda ƙwayar ƙanƙara da irin wannan ɗigo suka zauna tare, tururi yana barin ɗigon ya koma jikin ƙanƙarar, don iskar da ta cika ga ruwa ta wuce cika ga ƙanƙara. Ƙanƙarar na girma, ɗigon na ramewa. Masana yanayi Bergeron da Findeisen ne suka fayyace wannan a shekarun 1930. Ƙwayar da ta yi nauyi tana faɗowa tana karo da ɗigo masu sanyi, suna daskarewa a jikinta. Ƙasa da kilomita 5 sai ta narke. Siririn ruwan da ya kai ƙarfe 9 jiya dusar ƙanƙara ce da ta narke a hanya. Karon ƙanƙara da ƙanƙara a wannan sashe shi ke tara cajin da ke zama walƙiya.

Doka daga yau: ba mai zuwa fili leƙa kwalba muddin tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Leƙen ƙarfe 6 na jiya ganganci ne.

14 ga Yuli

Awon girman ɗigo da garin fulawa, dabarar da Wilson Bentley, wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, ya wallafa a 1904. An tankaɗe fulawa a faranti, kaurin santimita 3, ba a danna ba. An fita da shi a rufe, an buɗe daƙiƙa 3, an rufe. Kowane ɗigo ya zama ɗan curi. An bar su sun kwana, an gasa a wuta mai sanyi, an tankaɗe, an jera a takarda mai layin milimita.

Farantin farkon ruwa ya ba da curi kaɗan amma manya, 3 zuwa 4 milimita. Na siririn ruwan baya ya ba da masu yawa, akasari 1 zuwa 1.5. Curi ba daidai yake da ɗigon da ya haife shi ba, sai an gwada. An ɗiga mililita 1 daga sirinji an ƙirga ɗigo 30, wato kowanne faɗinsa milimita 4, an ɗiga irinsu a fulawa daga bisa an kwatanta. Faranti biyu sun lalace: ɗaya an bar shi daƙiƙa 10 ya zama ƙullu, ɗaya fulawar ta sha laima tun a ɗaki. Yanzu a leda ake ɗaure ta.

Ɗigon girgije faɗinsa wajen kashi ɗaya cikin 50 na milimita ne, yana faɗowa santimita ɗaya a daƙiƙa, ko numfashin iska ya ishe shi ya riƙe shi a sama. Sai an tara miliyan ɗaya kafin a sami ɗigon ruwan sama mai milimita 2. Taruwar tururi kaɗai ba ta isa ta yi wannan cikin awa guda ba. Dole sai ta hanyar ƙanƙara, ko ta karo: babban ɗigo ya fi ƙarami saurin faɗowa, yana cim masa yana haɗiye shi. Mai milimita 2 yana gudun mita 6.5 a daƙiƙa, mai 5 yana kai 9. Babban ɗigo ba shi da tsini a sama kamar yadda ake zanawa, gindinsa a baje yake kamar waina. Da ya wuce milimita 5 ko 6 iska tana fasa shi.

Ba a yi ƙanƙara a filin ba bana. An dai ajiye allon soso mai kaurin santimita 3 an lulluɓe shi da takardar alminiyom, don idan ta sauka ta bar tabo a auna. Duk wadda aka tsinta a yanka ta da reza a ƙirga zobenta: fari inda ta daskare da sauri ta kulle iska, garau inda ta daskare a hankali.

11 ga Agusta

Marka ta kama. Ƙarfe 2 na rana busasshe 28, matakin raɓa 23, gindin girgije mita 625. Faranti ya koma milimita 4 a rana. Duk ranar da aka yi ruwa, tashin ruwa shi ne abin da mazurari ya nuna, a haɗa da wanda aka ƙara, a debe wanda aka kwashe. Farantin ya yi ambaliya sau biyu, kwanakin nan babu karatu. Yanzu idan hadari ya haɗu ana kwashe lita 23 tun da wuri, wato milimita 20, a rubuta.

Raɓa tana sauka duk daren da sama ta washe iska ta kwanta. Ba daga sama take zubowa ba, ganye ne ke zubar da zafinsa ya yi sanyi ƙasa da matakin raɓa. An shimfiɗa leda mai murabba'in mita 1 a kan allon soso, a karkace, da kwalba a bakin ƙasa. Safiya mafi yawa ta ba da mililita 120, wato milimita 0.12. Daren da girgije ya rufe, leda a bushe take kwana. Ranar 7 ga wata hazon ruwa ya kwanta a fadamar da ke yamma, bai fi tsayin dawa ba, ya watse kafin ƙarfe 8.

24 ga Agusta

An haɗa ma'auni mai kirga kansa, wanda ɗan cokalinsa ke tuntsurewa duk milimita 0.2, kusa da na hannu. A yayyafi sun yi daidai. A ruwan 20 ga wata na hannu ya ba da 44, mai cokali 41, saboda ruwan da ke zubowa lokacin da cokalin ke juyawa ba ya shiga lissafi. Ranar 22 kuma bai kirga komai ba. Da aka kwance shi, zanzaro ne ya yi gini a maƙogwaron mazurarin. An sa raga siririya, za a riƙa dubawa duk Litinin da Alhamis. Na hannu shi ne alƙali, mai cokali aikinsa ya faɗi lokacin da ruwan ya sauka da ƙarfinsa.

An kai mazurari biyu gonakin da ke nisan kilomita 2 da kilomita 5. A ruwan 20 ga wata sun ba da 38 da 17. Kafin a ce ruwan ne ya yi gona-gona, sai an je an tabbatar na kilomita 5 ɗin yana tsaye daidai, kuma dawar da ke gefensa ba ta tsere masa ba. An sa zuwa ranar Laraba, da ma'aunin magina da lauje. A mako mai zuwa kuma za a koma buɗe ƙofar arewa, a sake fentin rufin akwatin da ya fara ɓarewa.